Ba Kowa Ne Yake Kwana A Bakin Get Ba

Akwai wasu abubuwa da in ka faɗa wa mutum cewa suna damunka sai ya kalle ka ya ce haba kai kuwa, wannan har abin damuwa ne? To ni dai suna damuna, kuma na san ba ni kaɗai ba ne, duk wanda yake tasowa daga ƙauye yana zuwa kwaleji kullum ya san abin da nake nufi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ni ɗan NCE ne, ina shekara ta biyu, gidanmu wani ƙauye ne a nan Jigawa wanda sai ka hau acaɓa ka fito bakin titi sannan ka tsaya jiran mota. Ban samu gado a hostal ba, kuɗin kama ɗaki a cikin gari kuma ya fi ƙarfin Baba, shi ya sa nake jeka-ka-dawo.

Babban abin da ya fi ci min rai shi ne a ce ka zo babu lakca. Wallahi duk sauran abubuwan da zan lissafa ina iya haɗiye su amma wannan har yau na kasa sabawa da shi. Ka tashi da asuba, daga masallaci ka dawo ka ba wa tumaki harawa, ka watsa ruwa ko da kuwa lokacin hunturu ne ruwan randa kamar ya tsaga maka kai, ka sha ɗan koko in Inna ta riga ta dama in kuma ba ta dama ba haka za ka fita, ka roƙi mai acaɓa ya kai ka titi, ka shiga motar da aka ɗora mutum biyu a gaba huɗu a baya, ka sauka ka taka da ƙafa har cikin makaranta kana sauri saboda malamin nan in ya riga ka shiga ba ka isa ka shiga ba. Ka zauna. Takwas ta wuce, takwas da rabi, tara saura, sai kaftin ɗin aji ya miƙe ya ce jama'a Malam ya kira ya ce yana Kano ba zai samu zuwa ba. Shi kenan fa. Ƴan cikin gari su karkaɗe riga su koma gida su ci gaba da barcinsu, kai kuma ka riga ka kashe kuɗin zuwa, na komawa yana jiranka, kuma ba ka ƙaru da ko harafi ɗaya ba.

Ba wai ina cewa malami ba shi da uzuri ba ne, shi ma mutum ne, yana da iyali yana da rashin lafiya, wasunsu ma na san yadda suke fama, akwai wanda yake koyar da ajujuwa da yawa albashin kuma bai taka kara ya karya ba. Abin da nake cewa shi ne tunda ya san tun daren jiya ba zai zo ba me zai hana a faɗa tun daren? Kafin 29 ga Mayu 2023, ranar da aka rantsar da Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, irin wannan in ta faru sai dai ka yi tsaki ka wuce, saboda litar fetur ba ta kai naira 200 ba a lokacin. Cikin ƴan kwanaki ta haura 500, a 2024 kuma har ta wuce 1,000, kuɗin mota ya bi ta, na acaɓa ma ya bi ta. Yanzu zuwan banza guda ɗaya kuɗin kwanon hatsi ne ko fiye. Kuma ni na san daga ina kuɗin yake fitowa, Baba ne yake ɗibar gero daga rumbu ya kai Gujungu ranar Lahadi ya sayar, da yamma ya kira ni ya ce "Ungo, ga na motarka na satin nan, ka dai riƙa lallaɓawa." In ce "To Baba, Allah ya ƙara girma." Ka ga kuwa ranar da na dawo ya tambaye ni ya karatun, ba na iya buɗe baki in ce ba a yi ba. Sai dai in ce alhamdulillahi in shige ɗaki.

Ga kuma ɗan'uwansa, wato lakcar da ake ƙirƙira ba ta cikin jadawali. Malamin da bai zo ba sati da sati, in jarrabawa ta matso sai ya ce zai rama, ya sa aji ƙarfe biyar na yamma zuwa magariba, ko ranar Asabar, ko ya haɗa awa huɗu a zama ɗaya. Mu da muke da hanya a gabanmu ba wanda ya tambaye mu. Bayan magariba motar da za ta bi ta wajenmu sai an yi sa'a, in ka samu ma ka sauka a bakin titi masu acaɓa sun tashi, wanda ya rage kuma zai ninka maka kuɗi saboda dare. Ƴan matan da muke tasowa tare daga ƙauyukan gefenmu su abin ya fi yi wa nauyi, don akwai wadda in ta kai isha'i a waje gobe sai an yi da gaske kafin a bar ta ta fito, kuma ni ban ga laifin iyayen ba. Ranar Alhamis kuwa wani abu ne daban, duk mai mota hankalinsa yana Maigatari saboda ranar kasuwa ce, ya gwammace ya ɗauki awaki da dillalai da ya tsaya ɗaukar ɗan makaranta mai ciniki a kan naira hamsin.

To wai a ce ai ana sanarwa a guruf. E ana yi, komai yanzu a WhatsApp yake, canjin lokaci, canjin aji, tes, asamen, sunayen waɗanda sakamakonsu bai fito ba, duk a can. Amma wa ya ce kowa yana kan layi dare da rana? A garinmu sabis sai ka je tudun bayan firamare ka ɗaga waya sama, in ka ga samari sun taru a wajen da daddare ba hira ce ta kai su ba. A cikin ɗakina ko kira da ƙyar yake shiga balle intanet. Sannan guruf ɗin kansa, mutum ɗari da wani abu, wannan ya turo barka da Juma'a, wancan ya turo bidiyon wa'azi, wata tana tallan atamfa da turaren wuta, wasu suna musun ƙwallo, saƙon da ya shafi karatu guda ɗaya tak yana can tsakiya ya nutse. Kafin ka gangaro ka same shi datarka ta tafi. Datar ma tun farkon 2025 da aka amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗi har kashi 50 cikin ɗari, abin da kake saya ya kai ka sati yanzu sai ka riƙa kunnawa kana kashewa kana lissafi.

Caji kuma nasa daban. Turakun wuta suna nan a garinmu, wayoyin ma suna nan, amma wutar sai dai labari. Wajen mai caji muke kai wa, shi kuma da janareta yake yi sai kwanan nan ya haɗa sola, ka biya ya ba ka ɗan kati mai lamba ka dawo bayan awa biyu. Wata rana ka dawo ka tarar an cire taka an sa ta wani tun tana kashi 40. A watan Oktoban 2024 lokacin da aka lalata layin wutar da ya taso daga Shiroro zuwa Kaduna, Arewa ta yi kwana da kwanaki a duhu, ƴan cikin gari suna ta kuka wai ba su taɓa ganin irin wannan ba. Na tausaya musu da gaske, don masu sayar da ƙanƙara da masu walda da masu niƙa sun yi asara ba kaɗan ba, amma a raina na ce mu fa haka muke rayuwa shekara da shekaru, kuma a haka ake so mu yi gogayya da su a aji ɗaya. A cikin makaranta ma in ka ga soket mai aiki a aji to akwai mutum goma a kansa, kowa da cajarsa a hannu yana jiran layi.

Sai maganar handawut. A da ka san kuɗin fotokwafi ne kawai, yanzu takarda ta yi tsada sai malamai da yawa suka koma turo PDF, wai don su sauƙaƙa mana. Niyyar mai kyau ce ban musa ba. Amma karanta shafi tamanin a ƙaramar waya mai fasasshen gilashi, kana ja kana buɗawa, ido yana ruwa, batir yana sauka, wallahi ba karatu ba ne. In ka ce bari ka buga a takarda kuma sai ka ji kuɗin da mai shago zai faɗa sai ka fasa. Mu huɗu muke haɗa kuɗi mu buga guda ɗaya mu riƙa karɓa-karɓa, daren jarrabawa kuma kowa yana so ta kwana a wajensa, har ɓacin rai ake yi a kan haka tsakanin abokan da ba su taɓa faɗa ba. Ga asamen da za a ce dole sai an buga da kwamfuta an yi masa bango, abin da bai wuce shafi uku ba. Rubutun hannuna mai kyau ne, a allo na fara koyonsa tun ina makarantar Malam, mene ne laifinsa? Malaman makaranta fa ake horar da mu mu zama, kuma firamaren da za a tura mu alli ne da allo.

Aikin guruf ba zan daɗe a kansa ba, kowa ya sani, mutum goma a takarda mutum biyu a aiki, ranar miƙawa kowa ya ɓullo yana cewa a sa lambata.

Rijista kuwa duk farkon zango sai na ji gabana yana faɗuwa. Ka je kafe, a ce fotal ba ya buɗewa, ka zauna a benci har azahar, ya buɗe, a ciro maka lambar biya, ka je ka biya, ka dawo a ce kuɗin bai hau ba ka dawo gobe. Goben nan fa kuɗin mota ne. In ya hau ka buga takardu kala-kala ka fara zagayen sa hannu, wannan ofis a ce ya fita salla, wancan a ce yana mitin, na ukun ya ce ba zai sa ba sai na biyun ya sa. Ba wanda ya zage ka, ba wanda ya kore ka, kowa cewa yake ka ɗan jira ko ka dawo, amma a haka sati yake ƙarewa. Akwai abokina da aka manna sakamako ya ga babu makinsa a wani kos da muka zauna tare muka rubuta, benci ɗaya, na ga lokacin da ya sa hannu a takardar halarta. Ya yi ta sintiri, a ƙarshe aka ce ba a ga takardarsa ba sai dai ya sake. Kariyoba a kan laifin da ba nasa ba, kuma har yau in ya tuna sai idonsa ya kawo ruwa, saboda a gida ba wanda zai gane bambancin an ɓatar da takardarka da ka faɗi.

Da aka buɗe bashin karatu na NELFUND a 2024 mun yi murna sosai, don bayan kuɗin makaranta akwai naira 20,000 duk wata na kashewa, wanda a wajen irinmu ba ƙaramin abu ba ne. Abin da ya tare da yawa daga cikinmu tun daga gida ya samo asali. Ana buƙatar lambar JAMB da NIN da BVN, kuma ya kamata bayananka su zo ɗaya. To ɗan ƙauye da aka haifa a ɗaki ba takardar haihuwa, hedimasta ya ƙiyasta masa shekara a firamare, mai kafe ya rubuta masa wata daban ranar cike jarrabawa, a wata takardar Muhammad a wata Mohammed a wata Mamman, a nan sunan uba a can sunan gari. Gyaran kowanne kuma sai ka je birni, sai ka biya, sai ka jira. Ina roƙon duk wanda yake da ƙani ko ƙanwa a sakandare ya zauna yau ya duba takardunsu ya tabbatar suna ɗaya ne da ranar haihuwa ɗaya, kafin abin ya zame musu ciwon kai.

A cikin aji kuma in darasin da ya haɗa kowa da kowa ne irin na Education ko GSE, in ba ka zo da wuri ba sai dai taga. Lasifika in akwai to ba wuta, in akwai wuta batirin makirfo ya mutu, malam yana can gaba yana magana kai kana ganin bakinsa kawai yana motsi. A watan Afrilu da Mayu lokacin da zafi yake haura digiri 40, ga kwano a sama ga mutane a cushe ga fanka tsaye, in kuma ya haɗu da azumi sai ka ga mutum yana rubutu biro yana zame masa. Ruwan sha sai na leda. Banɗaki kuwa gara kar in yi magana, mu maza muna iya zagawa bayan katanga, amma mata haka suke wuni a matse, wasu ma ƙin shan ruwa suke yi tun safe saboda haka, kuma wannan ba daidai ba ne ko kaɗan.

Abinci ba na cika damuwa da shi ba. In akwai kuɗi garau-garau ko ɗanwake, in babu awara ta ɗari biyu da ruwa, in babu gaba ɗaya akwai ƙuli-ƙuli da garin kwaki da Inna take ƙulla min a leda. Abin da yake min ciwo shi ne mai POS da zai cire nasa a kan ɗan abin da Yaya ya turo min daga Legas inda yake aikin gadi, kuɗin da na san a tsaye ya kwana kafin ya same shi.

In na dawo gida kuma wani karatun ne sabo. Tunda aka ce kana kwaleji shi kenan ka zama malamin gari. Wannan ya kawo waya a duba masa me ya sa aka rufe layinsa, wancan ya kawo takardar asibiti a karanta masa, Kawu ya aiko a cike masa fom ɗin tallafin taki, Gwaggo ta ce tunda gobe za ka shiga gari ga kuɗi ka sayo min maganin hawan jini ka biya ta wajen tela ka karɓo ɗinkin yara. Ina yi, kuma da zuciya ɗaya nake yi, don su ne suka yi min addu'a na kai nan, wasunsu har da gudunmawar kuɗi ranar da na samu gurbi. Sai dai ba wanda yake ganin cewa buɗe littafi ma aiki ne. In an gan ka a zaune ƙarƙashin darbejiya da takarda to ba ka komai kenan, ana iya aikenka. Sai dare ya yi kowa ya kwanta sannan ka kunna ƴar fitila mai batir, ga sauro ga gajiya, ka karanta layi uku barci ya kwashe ka. Ga tambayar nan da ba ta ƙarewa, "Malam ƙarami yaushe za a gama ne?" Wanda muka gama sakandare tare ya shiga kasuwa yana awon riɗi da zoɓo, ya yi aure har da ɗa, in mun haɗu a majalisa ba ya cewa komai amma mutane suna faɗa a madadinsa a gabana.

Ni abin da na lura da shi, duk waɗannan abubuwan tushensu ɗaya ne, an tsara makarantar ne kamar kowane ɗalibi a bakin get yake kwana, da wuta a ɗakinsa da data a wayarsa, kuma ba shi da wani aiki sai karatu. Alhali in ka shiga ajinmu ka ce ƴaƴan manoma su ɗaga hannu, hannuwan da za ka gani sun fi waɗanda ba su ɗaga ba. Kuma mu ɗin nan mu ne za mu koma ƙauyukan mu koyar, don ɗan birni ba zai zauna a firamaren garinmu ba ko an tura shi, wata biyu zai nemi canji. Abin da muke roƙo ba gini ba ne ba kuma kuɗi ba. In malam ba zai zo ba a sanar tun dare, ta saƙon tes na waya wanda yake shiga ko ba data. Kar a sa lakca bayan la'asar sai da shawarar ƴan aji. A buɗe guruf ɗaya wanda kaftin kaɗai ne zai iya rubutu a ciki. A karɓi asamen da rubutun hannu. A kafa sola ko guda ɗaya ce a gefen laburare mu riƙa caji. Wanne ne a ciki ya gagara?

Mu dai a namu ɓangaren mun fara dabara. Akwai wani ɗan ajinmu da gidansu yake kusa da makaranta, Allah ya saka masa da alheri, mun yi da shi in ya ji labarin ba lakca zai yi mana filashin sau biyu, in an sa tes na ba-zata sau uku, ni kuma in sanar da na ƙauyen gaba da mu. Yana taimakawa, sai dai ba ya maganin malamin da shi kansa sai da safe yake yanke shawarar ba zai zo ba.

Yanzu abin da yake gabana shi ne kaka. Da damina haka muka yi ta raba ƙafa, noman firi ya haɗu da tes, maimai ya haɗu da asamen, ranar da aka kwana ana ruwa kuma hanyarmu ba ta biyuwa sai ka tuɓe takalmi ka naɗe wando ka ɗora jaka a ka, tun ambaliyar 2022 da ta cinye gonaki da hanyoyi a Ringim da Auyo da Miga da sauran garuruwan bakin kogin Haɗeja kwalbatin da ke tsakaninmu da titi bai koma daidai ba. Gero dai mun samu mun yanke a ƙarshen mako ni da ƙannena. Riɗi ne matsalar, shi ba ya jira, in ganyensa ya yi ruwan ɗorawa ƙwansonsa ya fara bushewa dole a yanke a ɗaure a jingine shi tsaye, in aka yi sakaci ya buɗe a gona to ƙasa ce za ta ci. Kuma kuɗin riɗin nan shi ne rijistata ta zango mai zuwa. Baba ƙafarsa ba ta barinsa ya daɗe a sunkuye, kuɗin ƴan ƙwadago kuma babu. An ce mana akwai tes guda biyu a sati mai zuwa amma har yanzu ba a faɗi rana ba, na tambayi kaftin ya ce shi ma jira yake Malam ya kira shi. In na san ranar zan iya tsara yankan in nemi abokai biyu mu yi gayya mu gama a wuni ɗaya, dan Allah duk ɗan ajinmu da ya riga ni ji ya kira ni, kar ya turo a guruf.